Kube Babu Takobi

Jakin ya ƙi tsayawa wuri guda, Arezki kuma ya ƙi yarda kowa ya taɓa masa akwatin. Shi da kansa ya sauko da shi daga kan kanta a ɗakin ajiya, ya shimfiɗa tsohon bargo a bayan jakin, ya ɗora. Sannan ya daidaita dogon kuben roba da ya leƙo ta gaban akwatin, ya juya shi sama don kada ya bugi duwatsun hanya. Ɗauri uku ya yi wa igiyar, ya ja kowanne ya gwada.

Matarsa Tasadit tana tsaye a bakin ƙofa da ƙunshin burodin sha'ir da busasshen ɓaure a hannu.

"Maigida, da ka bari sai wani makon. Bayan nan naka bai warke ba."

"Bayana ya shekara talatin yana ciwo, bai taɓa hana ni aiki ba. Itatuwan Nanna Wardiya ba za su jira ba."

"Ai akwai matasa a garin."

"Akwai mana. Suna shagon kofi suna gadin kujeru."

Ta miƙa masa ƙunshin ba ta dube shi ba. Ya karɓa, ya kora jakin.

Duk ƙauyen Tagmunt an san yadda Arezki yake ji da injin zarton nan. Da zarar zafi ya kama, hukuma ta hana tayar da inji a daji saboda gobara, sai ya zauna ya tsiyaye fetur har ɗigon ƙarshe. Ya goge injin, ya wasa haƙoran sarƙar ɗaya bayan ɗaya, ya shafa mata mai, ya zura takobin injin cikin kubensa, ya kwantar a akwati ya sa kwaɗo. Daga ranar nan ba ya sake buɗewa sai ruwan farko na kaka ya sauka, wai buɗe-buɗe ne ke kawo ƙura da tsatsa. Matan gari suna cewa da Tasadit ta samu rabin wannan lele, da yanzu ta koma budurwa.

*

Hanyar gonar Nanna Wardiya hawan dutse ce, mota ba ta zuwa. Gobarar bana ta bi ta cikin zaitun ɗinta guda arba'in ta bar su baƙi ƙirin. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta suna Faransa, waya kawai suke yi. Idan aka yanke ƙonannun kututture kafin sanyi, saiwa za ta sake tofo. Shi ya sa majalisar gari ta kira gayya. Ba wanda ya ce wa Arezki ya zo da inji, shi ne ya miƙe ya ce aikin kwana goma zai mayar musu da shi na wuni biyu.

Ya tarar da maza wajen goma sha biyar. Abin da ya ba shi dariya, kowa da gatarinsa, wasu har da zarton hannu irin na kakanni.

"Lunis, wannan zarton a kabarin wa ka tono shi?"

Lunis mahauci mutum ne mai baki, ba a taɓa kayar da shi a tsokana ba. Yau murmushi kawai ya yi. "Don ko-ta-kwana ne, Dadda Arezki."

"Ko-ta-kwanan me? Ku zauna ku sha kofi, ku kalli yadda ake aiki."

Ya duba bai ga Bel'id ba, bai kuma yi tsammanin ganinsa ba. Wata uku ke nan ko gaisuwa ba ta haɗa su, su da suka yi kiwo tare suna yara.

A tsakiyar zafin bana ne aka sace wa Bel'id tukunyar gas da injin ban ruwa. Ya zo majalisa ranar Juma'a ya ce Mezyan ne, ɗan Arezki tilo, matarsa ta gan shi. Kowa ya san Mezyan ya taɓa faɗa wa shan ƙwaya, irin ja da farin nan da ake kawowa daga birni ana sayar wa samari a bayan filin ƙwallo. Shekara ashirin da bakwai, da takardar digiri a jaka, ba aikin yi, wuni yake a jingine da bango. Amma Arezki ya kai shi asibiti, ya kai shi wurin malamai, ya ga ya dawo yana sallah yana cin abinci. A wurinsa maganar ta wuce.

Ranar nan Arezki ya miƙe a gaban mutane. Ya ce injinsa shi ne abu mafi daraja a gidansa, yana nan kan kanta, makullin yana rataye a ƙusa, Mezyan yana wucewa ta gabansa safe da yamma. In ɓarawo ne, me ya hana shi farawa da na gida? Duk mai shakka ya zo ya gani. Ya rantse da Allah ɗansa ya daina, ya ce Bel'id hassada ce ke cinsa. Dattawa biyu suka bi shi gida, suka leƙa suka ga akwati da kwaɗonsa, kube yana leƙe, ɗaya har ya ɗaga ya ji nauyi. Majalisa ta ce Bel'id ya yi ƙazafi, ta sa shi ya sumbaci kan Arezki a gaban kowa. Arezki bai taɓa jin daɗin wani abu a duniya kamar na ranar nan ba.

Yanzu ya kwance igiya, ya sauke akwatin a kan ciyawa, ya durƙusa ya sa makulli. Nanna Wardiya ta matso da butar kofi tana sa masa albarka.

Murfin ya buɗe. Abin da ya fara gani ulun tumaki ne, an cusa shi ko'ina a kusurwoyi. A tsakiya akwai wani ƙunshi cikin tsohon zane mai ratsin ja da ɗorawa. Ya san zanen. Shi ya saya wa Tasadit a kasuwar Laraba shekarar da aka haifi Mezyan. Ya warware shi a hankali, sai ga saman dutsen niƙan hannu, ƙaramin nan da Tasadit ta gada wurin mahaifiyarta. Ya ja kuben, ya fito ba nauyi. A ciki an zura siririn katako don kada ya lanƙwashe.

Lunis ya sunkuyar da kai yana duba bakin gatarinsa. Arezki ya jira wani ya yi salati, ko ya tambayi abin da ya faru, ko ma ya yi dariya. Ba wanda ya yi ko ɗaya. Can sai wani ya tofa miyau a tafin hannu ya nufi itacen farko, sauran suka bi shi.

"Sha kofi, ɗana," in ji Nanna Wardiya. "Ka sha, kada ya yi sanyi."

Bai sha ba. Ya mayar da dutsen cikin zanen, ya rufe akwatin, ya ɗora wa jakin. Har a wannan hali ɗauri uku ya yi.

*

Tasadit tana tsakar gida tana tsince alkama lokacin da ya shigo. Ya ajiye ƙunshin a gabanta, a kan tabarma. Ta dube shi, ta ci gaba da tsinta, amma yatsunta ba sa ɗaukar komai.

"Yaushe?" ya tambaya.

"Sati biyu bayan ka rufe."

"Kafin a shiga gidan Bel'id ke nan."

Ta gyaɗa kai.

"Ke kika naɗe dutsen. Mezyan ko takalminsa bai iya ɗaurewa haka ba."

"Na tarar da akwatin a buɗe, ba komai ciki. Ya faɗi a ƙafata yana kuka, ya ce zai karɓo kafin kaka. Ya ce masu ƙwayar za su karya shi."

"Ya karɓo?"

Ta girgiza kai. Mezyan ya tafi Bijaya kwana uku da suka wuce, wai an yi masa alkawarin aiki a tashar jiragen ruwa. Arezki da kansa ya raka shi mota, ya cire agogonsa ya ɗaura masa, ya ce ma'aikaci ba ya zama ba agogo. Ashe ruwan farko yaron ya gani ya gudu.

"Ranar Juma'ar nan," in ji Arezki, "da zan fita majalisa, ke kika miƙo min alkyabba. Kika gyara min wuyanta. Kin san abin da zan je in faɗa."

"Na sani."

"Da dattawa suka zo, ke kika buɗe musu ɗakin."

"To me kake so in yi? In ce ku shigo ga ɓarawon, ni na haife shi? Da sun kore shi daga garin. Kai kuma da ka fi su. Na san ka, Arezki. Ka ce in ya sake ba kai ba shi, ka kuma faɗa a gabansa. Ɗaya gare ni. Mata nawa a garin nan suke ɓoye irin wannan? Je ka tambayi matar Lunis ina 'yan kunnenta na aure. Je ka tambayi matar liman."

"Ban auri matar Lunis ba."

Nan ta fara kuka, ba da ƙara ba. Shi kuwa bai ji tausayinta ba, abin da ya tsorata shi ke nan. Shekara talatin da ɗaya suna cin kwano guda. Injin ya tafi, wannan ya ji zafinsa. Ɗa ya yi sata, wannan ma ciwo ne, amma ƙwaya ce, ya ga abin da take mayar da mutane. Wanda ya kasa haɗiyewa shi ne ulun nan. Wani ya zauna da hankalinsa, ya cusa shi kusurwa-kusurwa don kada dutsen ya motsa, ya ɗaga ya gwada nauyin, ya san daidai yadda hannun Arezki zai ji. Wanda bai san shi ciki da waje ba, ba zai iya cin amanarsa haka ba.

"Na rantse da Allah a kan ƙarya, Tasadit. Na sa dattijo ya sunkuya a gaban yara."

"Ba ka sani ba ai. Allah ya san ba ka sani ba."

"Ke kin sani."

Ya ɗauki alkyabbarsa daga ƙusa. Ta miƙe da niyyar taimaka masa, ya kauce.

*

Gidan Bel'id ne na ƙarshe a gari, a bakin kwari. Bayan la'asar Arezki ya same shi a waje, zaune a kan dakali yana gyaran kwandon ɗibar zaitun. Ya yi sallama. Bel'id ya amsa, ya matsa masa wuri kamar jiya suka rabu.

Arezki bai zauna ba. Ya sunkuya zai sumbaci kansa, Bel'id ya tare shi da hannu.

"Bari, bayanka zai riƙe, sai na ɗauke ka zuwa gida. Ni kuma gwiwa ba ni da ita."

"Ranar Juma'a zan tsaya a majalisa in faɗa da bakina. Kai ne mai gaskiya."

"Ka faɗa in zai sauke maka nauyi. Amma ba labari za ka ba su ba."

Arezki ya dube shi. Gatura goma sha biyar suka faɗo masa a rai, da zarton hannun Lunis.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙarshen zafi. Masu gawayin ƙetaren kwari ne suka saya, waɗanda ke satar itacen dajin gwamnati. Kullum suna tayar da shi. Wa zai kasa gane shi? Shekara nawa yana tashinmu daga barcin safe. Yana da wani tari da yake yi kafin ya kama, ko jikokina sun san shi."

"Kuma ba wanda ya gaya min."

"Wa zai gaya wa mutumin da ya rantse? Ni na gwada faɗin gaskiya sau ɗaya, ka ga inda na ƙare." Bel'id ya ja zaren kwandon da haƙori. "Mun ɗauka za ka ji da kanka. Muna ta jira. Sai Lunis ya ce ku ƙyale shi, aikin nan ya cinye masa kunne, ko tsawa aka yi sai an taɓa shi."

Arezki ya so ya musa. Ya tuna yadda mutane suke matsowa kusa in za su yi masa magana, da yadda ya ɗauka girmamawa ce.

Bel'id ya ajiye kwandon, ya karkata kai. "Ga shi nan ma. Sun fara."

Ya nuna da haɓa. Can ƙetaren kwari, a cikin duhun itatuwa, wani siririn hayaƙi yana tashi.

"Suna ba shi mai kuwa?" Arezki ya tambaya. Bai san tambayar za ta fito ba. "Sarƙar, in ta bushe, kukanta yana canzawa."

"Ban san wannan ba, ɗan'uwa. Kai ne gwani."

Arezki ya taka zuwa bakin kwarin. Ya ture hular alkyabbar baya, ya juya kunnen dama, ya kare shi da tafin hannu. Ya juya na hagu. Ya riƙe numfashi. A ƙetare kan wani dogon itace ya girgiza, ya karkata a hankali, ya ɓace cikin 'yan'uwansa. Arezki yana tsaye da hannu a kunne, bai ji komai ba.