Fuskoki Uku a Ɗakin Kwalaye

A garinmu Orodara, bayan kasuwar lemo, akwai wani gida da ake busar da mangwaro. Mutum ashirin da takwas ne ke aiki a ciki, mata ashirin da bakwai da namiji ɗaya, Arjuma, mai kula da tanderu. Suna da tanderu shida masu aiki da gas, da rijiya a tsakar gida, da mai saye a birnin Bobo wanda bai taɓa dawo musu da kwali ko ɗaya ba. Mangwaro kuwa ba ya yanke mana daga watan huɗu har zuwa na bakwai. Abin da suka rasa shi ne mai gidan, Siyaka Tarawore, wanda zazzaɓi ya ɗauke a ƙarshen aikin bara. Ya bar matarsa Korotimi da 'yarsu Minata, mai shekara tara, wadda ba ta ganin farar takarda ta bar ta ba ta zana wani abu a kai ba.

Siyaka mutum ne mai fara'a da yawan hira, ya san sunan ɗan kowace ma'aikaciya. Korotimi ba haka take ba. Ita ce ta san zafin da ya dace da kowane irin mangwaro, tana ɗaga yanki ɗaya ta gane ko ya bushe ko da saura, amma ba ta da yawan magana. Tun da ta fita takaba ta dawo aiki, yawancin yini a ɗan ofishinta take yin sa, mai bangon katako.

Da aikin bana ya kankama, mata uku suka koma babbar masana'antar da aka buɗe a hanyar Banfora. Kwana biyu bayan haka ƙanin mijinta Lasina, mai motar ɗauko mangwaro daga gonaki, ya shigo ofis ya zauna a kan kwali.

"Matar yaya, ba faɗa na zo yi ba," in ji shi. "Mutanen nan don yaya suke zaune. Uku sun tafi, saura za su bi. Ki bar mini riƙon wurin, in haɗa shi da masu babbar masana'anta tun tanderun suna da daraja. Ke ki huta, ki kula da yarinya."

"Wa ya ce maka za su bi?"

"To wa ya ce miki ba za su bi ba? Kin tambaye su?"

Ba ta tambaye su ba, kuma ta san ko ta tambaya, amsar ɗaya ce. Mutanenmu ba sa kallon idon wadda mijinta ya rasu su ce ba sa jin daɗin zama da ita. Lafiya lau za su ce, ko da ƙafarsu ɗaya tana waje. Sai ta tuna wani taro da ƙungiyar masu busar da mangwaro ta kira a Bobo, inda wata matashiya ta nuna musu yadda ake gane zuciyar ma'aikata ko da ba su iya karatu ba. Fuskoki uku ake zanawa, mai dariya, da mai tsaka-tsaki, da mai baƙin ciki, kowa ya zaɓi ɗaya a ɓoye.

"Ka ba ni zuwa Asabar," ta ce wa Lasina. "In na ga zuciyarsu ba ta nan, ba zan riƙe kowa dole ba. Sai ka karɓa."

Ranar Alhamis babu makaranta da rana, Minata tana gidan. Korotimi ta kira ta, ta zana mata da'ira uku a ƙasa da ɗan yatsa.

"Wannan tana dariya, wannan ba dariya ba fushi, wannan tana baƙin ciki. Ki yi su manya a bayan kwali, yadda ko tsohuwarmu Kaka Sita za ta gani ba sai ta matsa ba. Ki jingina su a ɗakin kwalaye, ki sa gwangwanin tumatir gaban kowace."

Daidai nan motar mangwaro ta yi ƙaho a ƙofa, Korotimi ta fita duba kaya.

Minata ta zauna da alƙaluman kalarta. Da'ira da ɗigo biyu ba zane ba ne a wurinta. Da ta zo yin fuska mai dariya, ta yi dariyar da ta fi sani, ta sa mata wushirya da hula mai karkata gefe. Da ta zo ta tsakiya, ta tuna wani da ba a gane ko yana murna ko yana fushi, ta sa masa gashin baki mai kauri da tabarau a goshi. Ta ukun ba ta ɗauke ta lokaci ba. Ta yi mata ɗankwali shuɗi mai ƙulli a hagu, da ɗan tabo ƙarƙashin ido, da baki a rufe. Ta kai su ɗakin kwalaye ta jera, ba ta ga wani abin faɗa a ciki ba.

Ranar Juma'a da aka tashi daga aiki, Korotimi ta tsaya bakin rijiya da ƙwaryar wake a hannu. Maganar Lasina ta riga ta zaga gidan, don bangon katako ba ya riƙe sirri, amma ba wadda ta nuna ta sani.

"Kowace ta ɗauki ƙwaya ɗaya," in ji Korotimi, idonta a ƙasa. "A ɗakin kwalaye akwai fuskoki uku. Ki shiga ke kaɗai, ki jefa wakenki gaban fuskar da ta yi daidai da zuciyarki. Ba wanda zai san inda kika jefa."

Ta so ta ƙara bayani, kunya ta hana ta.

Sita Jara ce ta fara miƙa hannu. Ita ce babbar masu fere mangwaro, tun ranar da aka kunna tanderun farko take gidan. Jarawa da Tarawore abokan wasa ne tun kakanni, kowane ɓangare yana ce wa ɗayan maciya wake.

"Gidan Tarawore ke nan," ta ce tana juya ƙwayar. "Ko shawara za a yi sai an ɗauko wake. Ƙwaya ɗai-ɗai kuma. Sauran buhun kun cinye ko?"

Matan suka yi dariya, suka shiga layi. Kowace ta daɗe a ɗakin fiye da yadda Korotimi ta zata. Arjuma ne ya shiga a ƙarshe, ya fito yana share fuska da hularsa.

Da gidan ya watse, Korotimi ta zauna a ofis ta ce wa Minata ta kawo gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan na mai dariya ne, Inna."

Ta juye a kan tebur. Ƙwaya ɗaya ta gangaro.

"Wannan na tsakiya."

Babu komai.

"Wannan na mai baƙin ciki."

Korotimi ta ware su da ɗan yatsa a hankali, ashirin da huɗu. Ta daɗe tana kallon su. Daga baya ta tattara su ta mayar cikin gwangwanin, ta ce, "Ɗauko takalminki mu tafi gida." A hanya ta saya wa Minata soyayyar ayaba, ita ba ta ci ba.

Da safiyar Asabar ta aika aka kira Lasina, ta tara ma'aikata kafin su sa fararen rigunansu. Minata tana tsaye kusa da ita.

"Na ga amsarku," in ji Korotimi. "Ban ga laifin kowa ba, na ma gode da kuka faɗa mini gaskiya. Daga ranar Litinin Lasina ne zai riƙe gidan nan. Wadda ta so ta zauna, wadda ta so ta tafi, ba komai a raina."

Sita ta ajiye bokitinta.

"'Yar nan, sake faɗa, kunnena ya fara tsufa."

Korotimi ta sake faɗa.

"To wa ya ci zaɓen?" Sita ta juya ga matan. "Ke Jeneba, ina kika jefa naki?"

"Gaban uwar ɗakina mana, Kaka."

"Ke Salimata fa?"

"Ni ma can."

"To an yi mana maguɗi ke nan. Lasina, kai ne ka shiga ka canza gwangwani? Na san halin Tarawore in sun ga wake."

Lasina ya ɗaga hannu biyu. "Tsohuwa, ni ko ƙofar ɗakin ban taɓa ba."

"Wane zaɓe kuke magana?" in ji Korotimi. "Tambayarku na yi ko kuna jin daɗin aiki. Mutum ashirin da huɗu kuka jefa gaban fuskar baƙin ciki."

"Gaban fuskarki muka jefa," in ji Sita. "Shekara nawa muna zaɓe a ƙasar nan? Hoto ake sa mana, mu zaɓi wanda muke so. Kin sa mana marigayi, kin sa mana wannan mai gashin bakin, kin sa mana ke. Kika ce wanda ya yi daidai da zuciyarmu. To me za mu yi?"

Korotimi ta dubi 'yarta.

"Je ki ɗauko su," ta ce mata a hankali.

Minata ta kawo kwalayen uku ta jingina su jikin rijiya. Korotimi ba ta taɓa ganin su ba sai yanzu. Ta tsaya gaban na farko, ta kai hannu ta taɓa hular. Lasina ya leƙa na biyu, ya shafa gashin bakinsa.

"Ni ne wannan? Minata, haka kike ganin Baffanki?"

"Har ta rage maka muni," in ji Sita.

"Ko ƙwaya ɗaya ban samu ba?"

"Ko ɓera bai jefa maka ba."

Lasina ya yi murmushi ya girgiza kai. Korotimi kuwa ta durƙusa gaban na uku, ta kalli ɗankwalin da tabon da bakin nan a rufe.

"Haka fuskata take?"

"Haka take, Inna," in ji Minata. "Tun bara. Ban san laifi ba ne. Kin ce in zana baƙin ciki."

Korotimi ta jawo ta jikinta. "Ba ki yi laifi ba. Abin da kika gani kika zana."

Can ta ɗago ta ce, "Ƙwaya ɗayar da ke gaban babanta fa?"

Arjuma ya yi gyaran murya daga baya. "Ni ne, uwar ɗakina. Na san ba zai dawo ba. Kawai ban iya wuce shi ban ba shi komai ba. Da biyu aka ba ni, ɗayar taki ce."

Wasu matan suka sa bakin zane suka share ido. Korotimi ta miƙe, ta gyara ɗankwalinta.

"To ashe babu abin da ke damun ku ke nan."

"Wa ya gaya miki?" in ji Sita. "Wannan wata magana ce daban. Ki nemo abin zama, doguwa ce."

Sita ta fara da wuƙaƙe, ta ce tun bara ba a wasa su ba, yatsun kowa duk yanka ne. Jeneba ta ce bencin ɗakin yanka ya yi ƙasa, bayansu yana ciwo kafin azahar. Salimata ta ce marigayi ya yi musu alkawarin rumfa a bayan gida inda masu goyo za su kwantar da yara, har yau babu.

"Biyu daga cikin waɗanda suka tafi, rumfar nan ce ta kai su," in ji Sita. "Can akwai. Ta ukun mijinta ne ya samu aiki a can, ba ruwanki a ciki. Sai kuma ke. Ki riƙa fitowa ki ci tuwon rana da mu. Kin shige ɗakin katakon nan kamar mu muka yi miki laifi. Mu ma mun yi rashi, 'yar nan."

"Me ya hana ku faɗa mini?"

"Kina cikin wannan halin za mu zo miki da maganar benci?"

Korotimi ta ce wa Minata ta ɗauko takarda ta rubuta duk abin da aka faɗa, ɗaya bayan ɗaya, kada ta bar ko ɗaya. Sannan ta juya ga ƙanin mijinta.

"Lasina, na janye maganata."

"Na ji, matar yaya. Ai na ga ƙuri'ata."

"In ka dawo daga gona yau, ka taho mini da itacen rumfa guda shida."

"Takwas," in ji Sita. "Yaran suna da yawa."

Arjuma ya tafi kunna tanderu, matan suka shiga sa rigunansu, har yanzu wasu suna ƙara tuno abin da za a rubuta. Minata ta cika shafi ɗaya ta juya bayansa. Ranar nan ta gane cewa mutum yana iya yin ƙorafi da yawa a kan wurin aikinsa alhali ba shi da niyyar barin sa, kuma matan nan suna tare da mahaifiyarta tun kafin a tambaye su.