Giɓi a Bakin Kwalba

Mai Agogo ya san kicin ɗinsa da hannu, shi ya sa har yanzu ba wanda ya gane idonsa ya kusa tafiya. Yanar ido ce ta fara rufe na dama, sannan ta lallaɓo na hagu, har ya zama duk abin da ya kalla kamar ta bayan labulen leshi yake hangensa. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗaukar ƙusar da ba ta fi ƙwayar yashi ba da ɗan hantsaki, yau sai ya shafa bango kafin ya sami makunnin fitila.

Bai gaya wa 'yarsa ba. Ya san halinta, ranar da ta ji, ranar za ta hana motar makaranta sauke jikarsa a ƙofarsa. Shi kuwa tun da matarsa ta rasu ya rufe shago, ba abin da ya rage masa a yini sai wannan 'yar yammar da yarinyar take yi a wurinsa kafin uwarta ta taso daga kamfanin ɗinki. Aku yake kiranta, don bakinta ba ya hutawa, kuma duk abin da ta gani a gidansa sai ta kwashe shi kaf ta kai wa uwarta.

Ranar ma da ƙarar jakarta ta shigo, ta yar da ita a tsakar falo.

"Tsoho, ina jan shayina?"

"Ko sallama babu? Wannan amarya tawa ba ta da ladabi, sakinki zan yi."

"Ka sake ni mana. Wa zai aure ka da wannan sanƙon?"

Ya yi dariya ya shiga kicin. Jan shayin nan shi ya ƙirƙiro mata shi a wani zafi da aka yi, lokacin da ta ƙi madara ƙememe. Tun da safe yake dafa jajayen 'ya'yan itacen sitiroberi da sukari da ɗan ruwa har su narke, ya tace, ya zuba jan ruwan mai kauri a wata tsohuwar kwalbar zuma ya sa a firji. Shayin ma da safe yake dafa shi, baƙi wuluk, ya bar shi ya huce. Ya daɗe da gane cewa in ruwan sitiroberin bai yi sanyi sosai ba, yana haɗuwa da madara za ta tsinke ta yi gudaji-gudaji, shi ya sa madara ce ƙarshe, a hankali, ta bayan cokali.

Ya naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta ya dandaƙe ta da gindin ludayi, ya cika kofin gilashi da ita. Ya ɗauko kwalbar ya karkata ta. Nan idon ya yaudare shi, kofin ya fi kusa da yadda ya zata, bakin kwalbar ya bugi bakin kofin. Ya ji wani ɗan ƙas. Ƙanƙara takan yi irin wannan ƙarar in ruwa ya taɓa ta, don haka bai kawo komai ba. Ya zuba shayi, ya bi da madara, ya miƙa wa Aku da ke tsaye a bakin ƙofa tana ɗaga ƙafa ɗaya tana saukewa.

"Ja da fari kamar rigar 'yan ƙwallo," in ji ta, ta tafi gaban talabijin.

Ya goge tebur, ya wanke ludayi, ya shanya tsumma. Sai da ya zo rufe kwalbar ne babban yatsansa ya bi bakinta, ya faɗa wani giɓi. Ya sake bi. Giɓi ne sabo, mai kaifi, kamar faɗin farcen jariri. Da safe babu shi.

Daga falo yana jin Aku tana tauna ƙanƙara, ƙurus, ƙurus.

Ya saki kwalbar a tebur ya fito da sauri. Da ya iso falon sai da ya yi karo da kujera, ya fizge kofin daga hannunta har shayin ya fantsama a rigar makarantarta.

"Tsoho, lafiya?"

"Tofar da abin da ke bakinki. Nan, a tafina."

Ta tofar. Ya murza da yatsa, ƙanƙara ce, tana narkewa. Ya ɗaga kofin saitin taga ya ji nauyinsa, ta sha fiye da rabi.

"Buɗe bakinki in gani."

Ta wangale baki tana dariya, a zatonta wasa ne. Ya ja ta gaban taga, ya laluba aljihu ya fito da ɗan madubin ido na gyaran agogo da har yau bai rabu da shi ba, ya maƙala a idon hagu. Ja kawai ya gani. Harshe ja, dasashi ja, leɓe ja. Ko da idonsa garau yake, ta yaya zai rarrabe jini da sitiroberi?

"Akwai inda yake miki zafi? Maƙogwaro fa? Haɗiyi yawu in ji."

"Ba komai. Sanyi dai ya kama min haƙori." Dariyar ta ɗauke. "Kaka, me ya faru?"

Ba ta ce masa Kaka sai in ta tsorata. Ya zaunar da ita, ya ce kada ta motsa, ya koma kicin da kofin.

Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan rariya ya juye abin da ya rage. Fasasshiyar ƙanƙara ta taru a kai tana ƙyalli, kowace da kaifinta, kowace kamar gilashi. Ya zuba ruwan ɗumi ya jira ta narke, sannan ya bi ƙyallen da yatsu daga gefe zuwa gefe, yadda yake laluben ƙusar da ta faɗi a teburin shago. 'Yan ƙwayoyin sitiroberi kawai ya ji. Ya shafa teburin. Ya shafa cikin wurin wanke-wanke. Ya durƙusa ya share ƙasa da tafin hannu, yana fatan wani abu ya yanke shi. Tunda yake bai taɓa roƙon Allah ya ji masa ciwo ba sai ranar.

Babu. In ba ya ƙasa, ba ya tebur, ba ya kofi, to wuri ɗaya ya rage.

A durƙushen nan wata murya ta taso masa a zuci, mai taushi, mai kama da hankali. Ɗan ɓallin gilashi ne fa. Yara suna haɗiye maɓalli da tsakuwa su wuce lafiya. Ga ta can zaune ba ta kuka. In ya kira uwarta, tambayar farko ita ce yaya aka yi, ta biyu kuma yaya aka yi bai gani ba. Ya jira mana zuwa anjima, ya sa mata ido. Sai ya tuna ba shi da idon da zai sa mata. In yarinyar ta fara yin fari fat, in jini ya fito a yawunta, ba zai gani ba.

Duk da haka ya fito falo ya tsaya a kanta, ya ji bakinsa yana cewa, "Aku, in Mamanki ta zo..."

"Na'am?"

Ta ɗago tana jira. Fuskarta a wurinsa wani ɗan haske ne kawai mai zagaye, da ja a tsakiya. Ya ji kunyar da bai taɓa ji ba. Abin da ya kusa roƙa shi ne 'yar yarinya ta riƙe masa asiri da gilashi a cikinta.

"Ɗauko min wayata. Ki danno min Mamanki."

"Kai ba ka iya ba?"

"Ba na ganin rubutun."

"Ai na sani," in ji ta. "Rannan ka sa min gishiri a shayi na yi shiru."

Wayar ta daɗe tana ƙara kafin a ɗauka. Ƙarar kekunan ɗinki ta cika kunnensa.

"Baba, ina tsakiyar aiki, lafiya dai?"

"Uwata, ki taho yanzu. Bakin kwalba ya ɓalle lokacin da nake haɗa wa Aku shayi, ta sha, na nemi ɓallin ban samu ba."

Sai ƙarar kekunan ta yi nisa, alamar ta fita waje.

"Tana jini? Tana amai?"

"Ta ce ba abin da ke mata ciwo. Jini kuwa ban sani ba."

"Kamar yaya ba ka sani ba? Ka duba bakinta mana."

"Na duba. Uwata, ba na gani. Na daɗe ba na gani sosai."

Ya ji numfashinta a wayar. Da ta yi magana muryarta ta sauya, ta koma a daidaice, irin wadda ta yi amfani da ita ranar da suka kai uwarta asibiti.

"Kada ka ba ta komai, ko ruwa. Kada ka sa ta amai. Ga ni nan."

Jiran ya fi komai tsawo. Ya zauna kusa da Aku ya riƙe wuyan hannunta, yana jin bugun jininta a ƙarƙashin yatsansa kamar ƙaramin agogo. Duk haɗiyar yawun da ta yi sai ya kasa kunne. Ta yi tari sau ɗaya, ya miƙe tsaye.

"Ƙura ce, Kaka. Mutuwa zan yi?"

"A'a."

"To me ya sa kake ta addu'a?"

"Tsofaffi haka suke, ba su da aikin yi."

"In na mutu ka auri maƙwabciyarka mai kyanwa."

"Rufe min baki," ya ce, ta kuwa rufe. Can ta jingina kanta a kafaɗarsa. Yana so ta yi surutu, yana kuma tsoron kowace kalma ta motsa abin da ke cikinta.

'Yarsa ta shigo ko takalmi ba ta cire ba, da guntayen zare manne a rigarta. Ta durƙusa gaban Aku ta haska bakinta da fitilar waya, ta juya harshen, ta goge dasashin da farin hankici ta duba.

"Ba yanka. Tashi mu tafi asibiti, mai tasi yana jira. Baba, ina kwalbar? Zan nuna musu girman abin."

Ya kawo mata. Ta karɓa ta ɗaga ta saitin taga, ta juya ta sau ɗaya, ta tsaya.

"Baba."

"Na'am."

"Ga shi nan."

A jikin kwalbar, ƙasa da wuyanta kaɗan, wani ɗigon jan ruwan ya gangaro ya daskare, ɓallin gilashin yana manne a cikinsa. Ko cikin kofin bai faɗa ba. Mai Agogo ya riƙe kwalbar nan ya ajiye ya fi a ƙirga, yatsunsa suna wucewa ta gefensa.

Ta ciro shi da farce ta ɗauraye, ta ɗora shi a giɓin. "Ya zauna. Amma taɓa ka ji, hannunka ya fi idona a irin wannan."

Ya bi bakin kwalbar da yatsa, a hankali, gaba da baya. Ya zauna daram, ba inda ya rage. Kaifin ya ɗan tsaga masa fata, bai ma ji zafi ba.

"Cif yake," ya ce. "Alhamdu lillahi."

'Yarsa ta zame ta zauna a ƙasan kicin, ta jawo Aku jikinta ta ƙanƙame. Aku ta leƙo ta ƙarƙashin hannunta.

"Ke nan ban haɗiye ba? To a ba ni sauran shayina."

Ba wanda ya yi dariya. Uwar ta tura Aku ta je ta sallami mai tasi ta taga, sannan ta ɗago ta dubi mahaifinta.

"Tun yaushe?"

"An kwana biyu."

"Kana kunna gas. Kana tsallaka titi da ita in ta ce tana son alewa." Ba ta ɗaga murya ba. "Baba, me ya sa?"

"Kin san me ya sa."

Ta sunkuyar da kai. "Daga gobe motar makaranta za ta riƙa sauke ta a wurin aikina. Kai kuma zan karɓo maka ranar ganin likitan ido. Yana ce, ana cire ta."

"Wani a cire ya gani, wani a cire shi ke nan."

"Haka ne."

"In an yi bai yi ba fa?"

Ta naɗe kwalbar da ɓallin a tsohuwar jarida ta sa a jakarta, ta sauko da kofunan gilashin da ke kan kanta ta jera su can sama inda hannunsa ba ya kaiwa, ta bar masa na roba guda biyu.

Da za su tafi Aku ta dawo da gudu ta raɗa masa a kunne, "Ban gaya mata na gishirin ba." Sannan ta bi uwarta, jakarta tana bugun matakala.

Ya tsaya a kicin shi kaɗai. Da ya ƙara ɗan haƙuri, da ya shafa jikin kwalbar maimakon bakinta, da shi zai tsinci ɓallin, ya jefar, gobe motar makaranta ta tsaya a ƙofarsa kamar kullum. Ya tambayi kansa ko yana da-na-sanin kiran da ya yi. Ya so amsar ta zo da sauri, ta ƙi. Can ƙasan zuciyarsa akwai inda yake da-na-sanin, kuma wannan ya ba shi tsoro fiye da aikin idon.

Ya laluba ya buɗe firji. Sitiroberin da ya saya don gobe suna nan a kwanonsu, yana jin ƙamshinsu. Ya daɗe a tsaye sanyin yana dukan fuskarsa, yana tsotsar yatsan da ya yanke, kafin ya mayar da ƙofar ya rufe.