A-kori-kura Mai Hoton Kaza

Tun da mahaifinsu ya tsufa ya sakar musu gona, Dogo da yayarsa suke noman tumatir da albasa tare. Abin da ya hana su sakat shi ne tankin ban-ruwa. Yana nan kan tirela, amma babu abin jan sa sai sun yi hayar mota. Da amfanin gona ya yi kyau a wata shekara, suka yanke shawarar sayen a-kori-kura wadda kowannensu zai iya tuƙawa.

Nan fa matsalar take. Dogo sai ya sunkuya yake shiga ɗaki, Yaya kuwa ko shanya za ta yi sai ta taka kujera.

A filin dillali, Dogo ya nufi wata fara sol mai ƙyalli, yana shafa ta yana murmushi. Da ya shiga, gwiwoyinsa suka tokare sitiyari, kansa ya daki rufi. Dillali ya ce a hankali zai saba, amma da ƙyar Dogo ya zaro jikinsa ya fito. Ta biyu baƙa ce, ƙatuwa, ta yi masa daidai. Yaya ta hau, ta miƙa ƙafa, ta ƙara miƙawa, ko yatsanta bai shafi birki ba. Kujerar kuma an yi mata walda, ba ta motsi.

Can jikin katanga akwai wata ruwan hoda, an zana ƙatuwar kaza a kowace ƙofa, ta buɗe fukafukai kamar za ta tashi. Dillali ya ce ta wani mai sayar da ƙwai ce. Dogo ya kau da kai. Yaya kuwa ta tsuguna ta leƙa ƙarƙashi, ta girgiza ƙugiyar jan tirela, ta duba tayoyi, sannan ta shiga ta janyo kujera gaba. Ƙafarta ta sauka kan birki ɗas.

"Zo ka gwada," in ji ta, ta tura kujerar baya.

"Yaya, ni fa ina da mutunci a gari."

"Mutuncin naka ne zai ja mana tanki?"

Ya shiga yana gunaguni. Abin haushin, ya zauna daram har da sauran fili.

Dillali ya yarda a je gona a gwada ta. Suka cika tanki a bakin rafi, suka maƙala tirela, Yaya ta sa giya ta nufi tudu. Dogo ya so ƙwarai motar ta gaza. Ta haye ba ko nishi, ruwa yana ta tambal-tambal a baya. Mahaifinsu yana zaune a inuwa, ya ga kaza tafe da tanki, ya yi dariya har da tari.

Dogo ya amince, da sharaɗin a sake mata fenti. Yaya ta ce to, bayan sun kai tumatir kasuwa.

A kasuwa kuwa, masu sari suka daina yawon neman su, daga nesa suke hango kazar su taho. Kafin wata ya ƙare, sunan Dogo ya koma Mai Kaza. Da farko yakan ɗaure fuska, daga baya ya fara amsawa.

Wata safiya Yaya ta fito ta same shi tsugune a jikin ƙofar motar, da ɗan gwangwanin jan fenti a hannu. Ƙaya ta karce zankon kazar a hanyar gona, shi ne yake gyara shi a hankali, har da cije leɓe.

Bai ɗago ba ya ce, "Kada ki ce komai."

Ta wuce ɗauko kwanduna tana ƙunshe dariya.