Duwatsun Kan Gonar Inna

Ƙarfe huɗu na yamma ne, hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, iska ta tsaya cak. Ina tsaye a kan gonarmu ta Kunduru, hannuna a kan baro, ina kallon gurbin da tsibin duwatsunmu yake a da.

Tun tasowata tsibin nan yana can saman gonar, gamba ta rufe shi. Mu dai mun ɗauka kakanmu ne ya tara duwatsun lokacin da ya share wurin. Amfaninsa ɗaya muka sani: in ruwa ya gangaro daga tudu, nan yake bugawa ya rabu biyu, ya bi gefe da gefe, ya bar gyaɗar mahaifiyata, Inna Rabi.

Kwana tara da suka wuce wasu mutanen jami'a suka zo da takardar mai gari. Babbansu, Dakta Sharafaddeen, ya ce kabarin mutanen da ne, tun kafin zuwan Musulunci, kuma shekara uku suna nemansa. Suka riƙa cire duwatsun ɗaya bayan ɗaya, suna rubuta wa kowane lamba da alli, suna jera su layi-layi a gindin darbejiya. Da suka haƙa rami a ƙasa, suka tarar da ƙasusuwan mutum a naɗe kamar mai jin sanyi, da tukunya kusa da kansa.

Tun ran farko na gaya masa. Na ce, "Dakta, tsibin nan shi ke tare mana ruwa."

Ya ce, "Kwana uku kawai, Sabi'u, mu mayar."

Ni ba mai yawan magana ba ne, na bar shi a haka. Shekaranjiya aka yi ɗan yayyafin da bai kai ya kawo ba, amma ya yanke kunya uku. Gyaɗar kuwa ta fara fure. Ita Inna ke soyawa ta matse mai ta yi ƙuliƙuli, da ita muke kaiwa wata damina.

Na tura baro gindin darbejiya, na fara loda duwatsu.

Dakta ya fito daga ramin da gudu, burushi a hannunsa. "Kai! Kai, Sabi'u! Me kake yi?"

"Zan tare ruwa."

"Ajiye su! In ruwa ya wanke allin nan, layin ne kaɗai zai nuna mana inda kowane yake. Aikin kwana tara za ka hargitsa!"

Na ce, "Kwana uku kuka ce."

"Ka san shekarun abin da ke cikin ramin nan?"

Ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Inna ce ta amsa masa. Ashe ta biyo ni daga gida, fartanya a kafaɗa, ko takalmi babu.

Ta ce, "Dakta, wanga na cikin rami ya ci tuwonsa ya ƙoshi, ya kwanta. Mu fa? Allin naka za mu ci da rani?"

"Hajiya, ki fahimta..."

"Ban je Makka ba. In gyaɗar nan ta tafi kuwa, ko Kankia ba ni zuwa. Sabi'u, loda! Mi kake kallo?"

Na loda. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ba duwatsun ne suka fi ci mini rai ba, sai dai yadda ya ce kwana uku yana kallon takardarsa, bai ko ɗaga kai ya dubi inda nake nuna masa ba. Ya tsaya gaban baron, na kauce masa na wuce. Ya sake tarewa, na sake kaucewa. A zuwa na uku ruwa ya sauko, ya bar ni, shi da mutanensa suka ruga motarsu da na'urorinsu a rungume.

Ban ƙirga sawun da na yi ba. Ni ina zubawa a bakin hanyar ruwan, sama da ramin, Inna na cusa ƙasa da gamba a tsakani. Allin ya narke yana bin hannuna fari fat. Da ruwan tudu ya iso, ja kamar kunun kanwa, sai da ya ƙetare mu ya ci kunya biyu. Muka ƙara duwatsu. Can sai na ga ya buga ya rabu, ya bi gefe da gefe yadda ya saba.

Inna ta zauna a kan kunya cikin ruwan, tana haki.

Da zan mayar da baro na ga iska ta yaye tamfol ɗin da suka rufe ramin da shi, ruwa na dukan mutumin da ke ciki a fuska. Ko wane ne shi, mamaci ne. Na jawo tamfol ɗin na rufe shi, na danne kusurwoyin da duwatsu huɗu daga ragowar na gindin darbejiya.

Da ruwa ya tsagaita Dakta ya fito. Ya ɗaga gefen tamfol ya leƙa, ya daɗe. Sannan ya ɗauki ɗaya daga cikin duwatsun, ya juya shi yana neman lamba. Bai dube ni ba. Na ɗauki fartanyar Inna, muka nufi gida.