Tukwanen Gwaggo Ladidi

Tungar Maitama gida goma sha tara ce, a gindin wani baƙin dutse tsakanin Ƙaura da Zurmi. Shekara uku da suka wuce kamfanin fasa dutse ya zo. Nakiya ta tsattsage bangaye, rijiya ta rufta, mutane suka kwashe kayansu suka koma bakin titi. Yanzu inda masallaci yake a da, rami ne mai koren ruwa.

Gwaggo Ladidi, maginiyar tukwanen garin, ba ta yi kuka ba ranar tashi. Sai ranar da ɗan ƙanenta Namadi, wanda ke aiki a kamfanin, ya gaya mata an shafa jan fenti a filin gabas, gobe katafila za ta share shi. Can ne maƙabarta. Can mijinta yake, da 'ya'yanta biyu.

Washegari da hantsi ta ɗauki sandarta, dattawa huɗu suka bi ta. Suka iske katafila na ruri, injiniya Kamaluddeen na tsaye da takarda.

"Mama, ki yi haƙuri," in ji shi. "Taswira ta ce juji ne. Dubi, fasassun tukwane ne kawai cikin ciyawa."

"Juji? Ɗana, a garinku juji layi yaka yi?"

Tun kakanni, duk wanda ya rasu a Tunga, sabuwar tukunya ake fasawa a kifa bakinta a kan kabarinsa. Shekara hamsin ita ke gina su. Ba ta taɓa shiga maƙabarta ba, tunda mata ba sa shiga, amma wurin da take gasa tukwane yana kan tudu, daga nan take ganin inda ake kwantar da kowa. Kuma kowace tukunya da irin zanen da ta yi mata a cikin wuya.

Ta tsaya daga bakin fili. "Shiga. Ɗauki wadda kaka so, kar ka nuna mini."

Injiniya ya yi murmushi, ya taka har gindin aduwa, ya ɗaga ɗaya.

"Wanga Alhaji Muttaka na, mai kiɗan noma. Duba ciki, tsagar farce ukku."

Ya duba. Ga tsaga uku. Ya matsa can nesa, ya ɗaga wata.

"Kubura ta, matar Magaji. Zanen totuwar masara. Masifaffiya, Allah ji ƙanta, ko wagga tukunya sai da anka buga sau biyu ta fashe."

Dattawa suka kwashe da dariya, Magaji, wanda ke cikinsu, na cewa, "Wallahi haka anka yi!"

Ya gwada ta sau bakwai, ba ta kuskure ko ɗaya ba. A na takwas ya tsaya kan wata 'yar ƙarama. Gwaggo ta dogara kan sandarta.

"Babu zane nan. Ranar hannuna bai iya ba. Zulaihat ta, ɗiyata. Aje ta yadda ka gan ta."

Injiniya ya durƙusa ya kifa ta a hankali. Sai ya lura da takalmansa, ya tuɓe su, ya fito yana taka ƙaya. Isah direba ya riga ya kashe katafila.

"Oga, ni dai ba ni hawa kan Musulmi," in ji shi.

"Wa ya ce ka hau? Juya ta!"

Kwana biyu Gwaggo tana zaune kan turmi a bakin fili tana kiran sunaye, Namadi na rubutawa. Mutum ɗari da goma sha shida. Kafin damina kamfani ya kewaye wurin da dutsen da ya fasa, ya karkatar da hanyar tifa ta yi gwiwa. Direbobi har yau suna mita, kwanar ta yi tsanani. In Gwaggo ta ji, sai ta ce su bi a sannu, akwai masu gari a ciki.