Tumbin Mai Aski

Shekara goma sha tara mai aski ya yi yana tsaye a bayan kujera ɗaya, amma a 'yan shekarun nan kujerar ta soma yi masa nisa. Ba ita ta matsa ba, tumbinsa ne ya shiga tsakani. Kafin hannunsa ya kai kan mutum, cikin ya riga ya gaisa da kunnensa.

Wanda ya fara gaya masa gaskiya wani dattijo ne, tsohon ma'aikacin jinya da kowa ke kira Likita. Yana zaune ana yi masa gyaran fuska, ya hango kofin shayi a gaban madubi.

"Ɗana, cokali nawa na sukari kake zubawa?"

"Biyar, Baba. Sau uku a wuni."

"Ban da lemon kwalba da ke cikin firjin can?"

Mai aski ya sosa ƙeya.

"To kai ba shayi kake sha ba, sukari kake jiƙawa," in ji Likita. "Kada ka yanke shi rana guda. Rage cokali ɗaya duk mako biyu, ka maye gurbin lemo da ruwa, ka riƙa takowa shago da ƙafa."

Amma mai aski mutum ne mai cika baki. Ya koma gida ya gaya wa matarsa cewa daga gobe shi da sukari haihata-haihata. Washegari ya kurɓi shayi salam, ya ɓata rai kamar an ba shi maɗaci. Kafin azahar kansa na sarawa, har ya karkata wa wani direba layin goshi. Da yamma ya dawo jiki a sanyaye.

"Uwargida, mu bi ta Baba Likita."

"Dama gaggawa ba ta haifar ɗa mai ido," ta ce, ta ɗauke gwangwanin sukari ta sa a kabad ɗinta. Daga ranar ita ke aunawa, kuma cokalinta a shafe yake, babu tozo.

Wata rana da tsakar rana zafi ya ishe shi, firji kuma sai gurnani yake kamar yana kiransa. Ya buɗe lemo mai raɓa, ya yi kurɓa ɗaya, sai ga uwargida a bakin ƙofa da kular abinci. Wuf ya cusa kwalbar a hannun mutumin da ke kan kujera.

"Sha mana, Malam, kai na buɗe wa!"

Bawan Allah ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga ƙarshenta, ya yi gyatsa ya yi godiya. Mai aski na kallo, ransa na ƙuna.

"Allah ya ƙara buɗi, Maigida," in ji matar. "Sai dai ka goge gashin bakinka."

Bayan wata biyu ya tsaya a cokali ɗaya, kuma abin mamaki, shayin ya soma yi masa daɗi. Gwiwoyinsa suka daina ƙara, hakin da yake yi a hanya ya tafi.

Ran wata Asabar shago ya cika maƙil. Yana tsakiyar aski, kilifa a dama, mataji a hagu, sai ya ji wando na sulalewa. Ya matse gwiwoyi, ya ƙarasa askin a haka yana taku kamar agwagwa, masu jiran layi na ta ƙyaƙyata dariya. Shi ma dariyar yake har da hawaye.

Yana gamawa ya riƙe ƙugu ya leƙa wurin maƙwabcinsa mai gyaran takalmi, ya miƙa masa bel.

"Huda mini rami ɗaya, abokina."

Mai gyaran takalmi ya auna shi da ido, ya ɗauko basilla.

"Biyu zan yi maka. Ba na son ka dawo ka hana ni aiki."