Tsinken Tanda Ta Uku

Tun daga bakin get Injiniya ta ji ƙauri. Tanda ta uku ta ƙona biskit tire arba'in, an jera su a gefen ƙofa, baƙi ƙirin kamar gawayi. Ma'aikata na wucewa suna satar kallonta.

Shekara huɗu ke nan tana kula da ma'aunan zafi na masana'antar. Kowace tanda da nata, wani siririn ƙarfe da ake zurawa ta rami a jikin bango, ma'aikata na ce masa tsinke. A cikinsa wayoyi biyu ne na ƙarfe iri daban, an haɗe bakinsu. Zafi na taɓa mahaɗar sai ta ba da 'yar wutar lantarki, akwatin da ke waje ya karanta, ya ƙara gas ko ya rage. Abin da tsinke ya faɗa, shi tanda ke bi.

Manaja ya sa aka kira ta. Ƙanin mahaifiyarta ne, shi ya kawo ta aikin, kuma ba ya bari ta manta. Ya turo mata takarda da biro.

"Sa hannu. Tsinke ya lalace, mu sa sabo, magana ta mutu."

"Kawu, ban ma duba shi ba."

"Ni na duba."

"Da me?"

Ya zare tabarau ya kalle ta. "Ƙarfe goma mai kamfani zai zo. Ƙarfe za a ɗora wa laifi, wa aka cuta?"

"Ni. Watan jiya na gwada shi, sunana ne a jiki."

Ta ajiye masa biron ta fita. A bayan tanda ta durƙusa, ta ga notin da ke riƙe tsinken a kwance, tsinken kuma ya fito waje kamar faɗin yatsa huɗu. Bakinsa ya bar tsakiyar zafi ya maƙale a bango, inda ya fi sanyi. Akwati kuwa ya yi ta ƙara wuta.

Mai Tanda, dattijon da ya girmi injinan gidan duka, yana tsaye yana murza hularsa.

"Baba, wa ya ja shi?"

Ya dubi ƙofar ofis, ya yi ƙasa da murya. "An ce oda ta yi yawa, ana so wuta ta yi sauri. Akwatin kin kulle shi, sai aka ce in ja wannan kaɗan."

Da mai kamfani ya iso, ya tarar da ita a tsakiyar fili da bokitin ƙanƙara da butar shayin masu gadi tana tafasa. Manaja ya daka mata tsawa ta kwashe shirmen nan. Ko juyowa ba ta yi ba.

"Ranka ya daɗe, minti biyar nake roƙo."

Ta tsoma tsinken da ta ciro daga tanda cikin ruwan ƙanƙara, lambar da ke na'urar gwajin da ta jona masa ta sauka ta tsaya a sifili. Ta mayar da shi cikin buta, lamba ta hau har ta kusa ɗari. Sai ta ɗaga shi kaɗan daga ruwan, ga buta na tafasa, lamba ta fara zubewa. Wani daga baya ya ce ashe tsinken ya fi wasu mutane gaskiya, aka yi 'yar dariya aka haɗiye.

"To wa ya ja shi?" in ji mai kamfani.

"Aikina in gaya maka lafiyarsa lau. Kuma ba shi da ƙafa."

Ta ji idon kawunta a ƙeyarta, amma ta ƙi sunkuyar da kai. Mai Tanda ne ya yi gyaran murya.

"Hannuna ne ya ja, ranka ya daɗe. Bakin da ya sa ni, ga shi nan kusa da kai."

Mai kamfani ya ja manaja ofis, suka rufe ƙofa. Abin da aka faɗa ciki ba wanda ya ji. Da azahar takardu biyu suka fito: Mai Tanda gargaɗi, ita kuma dakatarwar sati biyu saboda rashin ladabi ga shugaba. Ta karanta, ta ninke, ta sa a aljihu. Kafin ta tafi sai da ta zura tsinken har ƙurya, ta ɗaure notin tamau, ta shafa masa jan fenti yadda duk wanda ya taɓa za a gani.

Tana jiran mota wayarta ta yi ƙara, mahaifiyarta ce.

"Ke yanzu ƙanin nawa za ki tozarta gaban mutane? Ki je ki ba shi haƙuri."

"Zan je in gaishe shi, Mama, har da durƙusawa. Haƙurin ne ban san na me ba."

Sai mahaifiyar ta tambaye ta ko ta ci abinci.